Yadda Ake Tsara Gidan Zamani da Zai Zauna Lafiya da Filinsa a Arewacin Kamaru

Yawancin gidajen zamani da ake ginawa yau a Garwa da Marwa da Kuseri, har da tsallaken kogi a Njamena, da aiki iri ɗaya ake fara su: a sare duk bishiyar da ke cikin fili, a baje ƙasa, a zagaye da katanga, sannan a ɗauko zanen wani gida da aka gani a waya a ɗora a kai. Bayan an tare kuma sai a shafe tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango. Idan watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, ɗakunan ba sa zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, wutar lantarki kuwa ba kullum ake samunta ba. Idan Agusta ya zo, ruwan da ya rasa ƙasar da zai nutse a ciki ya taru a bakin ƙofa. Kuɗi ne masu yawa aka kashe, amma iyali ba su sami wurin hutawa ba.

Hanyar da za a bi a nan ta saɓa wa wannan. Za a fara da nazarin fili, a tsara sararin waje, daga baya a zaunar da ɗakuna inda ruwa da rana da iska suka ba da dama. Wannan bai hana gida zama na zamani ba, da falonsa da kicin na ciki da wurin ajiye mota. Abin da ya sauya shi ne wanda ake fara yi da wanda ake bari ya biyo baya.

Maganar takardu gajeriya ce, amma ita ce ta farko. A Kamaru, tun dokokin filaye na 1974, shaidar mallakar da hukuma ta amince da ita ita ce takardar da ake kira titir fonsiye, kuma takardar ciniki da jauro ko lawan, wato mai sarautar unguwa ko ƙauye, ya sa wa hannu ba ta maye gurbinta. Izinin gini daga ofishin magajin gari yake fitowa. A nemi mai zanen gini da ke da rajista a ONAC, ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasa, a kuma sanya masa sharaɗi tun farko cewa sai ya taka filin da ƙafarsa kafin ya ja layi ko ɗaya. Wanda ya ce zai aiko da zane daga Yawunde ko Duwala ba tare da ya ga wurin ba, a yi masa godiya a nemi wani.

Ruwa da ƙasa

Mai niyyar gini ya daure ya ga filinsa a cikin damina kafin ya amince da kowane zane, kuma mafi kyawun lokaci shi ne jim kaɗan bayan mamakon ruwa a watan Agusta. Ya lura da inda ruwa ke shigowa, da inda yake kwanciya, da inda yake fita, ya kafa turaku a waɗannan wurare domin kada ya manta idan rani ya shafe alamar. Ya dubi katangun maƙwabta, domin ambaliya takan bar zane a jikin bango, ya kuma tambayi dattawan unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi muni. Kowane gari da irin barazanarsa. A Garwa kogin Binuwai ne, musamman idan aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo, kamar yadda aka gani a 2012. A Marwa kuwa kogunan Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga ne, waɗanda ke kwance da busasshen yashi mafi yawan shekara, sai su cika su yi ta cin gaɓa cikin 'yan sa'o'i. A Kuseri da Njamena, inda Logon ya haɗu da Shari, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma kogi yakan kai ƙarshen cikarsa ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwan sama ya ɗauke, saboda haka filin da ya yi kyau a Agusta yana iya nutsewa daga baya. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nuna haka a fili. Daɓen ɗaki ya zama ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 45 zuwa 60, a wurin da ruwa ya taɓa shiga kuma ya ɗara waccan alamar da ke jikin bangon maƙwabta.

Daga nan sai a haƙa ramuka biyu ko uku masu zurfin mita ɗaya da rabi a kusurwoyi dabam-dabam, a ga abin da ke ƙasa. Jan ƙasa mai marmara da ƙasa mai tsakuwa suna ɗaukar gini ba tare da wahala ba. Wadda ake tsoro ita ce baƙar laka da ake kira karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta a filayen Diyamare: tana kumbura idan ta sha ruwa, tana tsattsagewa idan ta bushe, kuma wannan motsi nata shi ke fasa bango daga tushe har sama bayan shekara biyu ko uku. Wanda filinsa karal ne kada ya yi rowar kuɗin gwajin ƙasa, ko a Labogenie, hukumar gwaje-gwajen aikin gini ta ƙasa, ko wurin wani injiniya amintacce, domin sakamakon gwajin ne zai nuna zurfin harsashi da yawan rodin da za a sa. A irin wannan ƙasa ana kewaye ginin da daɓe mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi wanda ya gangara waje, don kada ruwa ya riƙa sauka a gindin bango.

Idan filin yana da gangare ko duwatsu, kamar yadda ake samu a gindin tsaunukan Marwa, ko a Mokolo da Gidar, babban kuskure ne a kira motar tura ƙasa ta daidaita shi. Manoman Mafa a duwatsun Mandara sun daɗe suna riƙe ƙasa da ruwa a jikin tsauni da ƙananan katangun dutse da ba a sa musu siminti, hawa bisa hawa, ruwa na tsiyaya ta tsakanin duwatsun ba tare da ya kwashe ƙasa ba. Gida ma zai iya bin wannan tsari: zaure da wurin mota a hawa na ƙasa, tsakar gida a na tsakiya, ɗakunan kwana a na sama inda iska ta fi kaɗawa, matakala uku ko huɗu na haɗa kowane hawa da na gaba. Babban dutsen da ke cikin fili kuma a bar shi a wurinsa, a sa shi cikin zane a matsayin wurin zama ko jingina ga bango.

Rana da iska

A wannan yanki rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa da kuma cikin Agusta, a tsakanin waɗannan lokuta tana karkata arewa, sauran watannin tana karkata kudu. Abin da wannan ke nufi ga mai gini shi ne bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa, domin rana daga sama take dukansu. A Marwa, da tsakar ranar watan Disamba, rufin da ya zarce bango da mita ɗaya yana jefa inuwa ta kusan mita ɗaya da rabi a jikin bangon kudu, wadda ta isa ta rufe taga. A bangon arewa ma rabin wannan ya wadatar. Gabas da yamma ne ba su da wannan sauƙi, saboda hantsi da ranar la'asar a kwance suke shigowa, babu bakin rufin da zai tare su. Don haka a miƙe dogon gefen gida daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, bangon yamma kuma a jingina masa abin da zafi ba ya damunsa, kamar ɗakin ajiya, matakala ko makewayi. Ɗakin kwanan da bangonsa ya sha ranar la'asar yana nan da ɗumi har tsakar dare. Wajen zaunar da makewayi a tuna da alƙibla, wadda a nan take gabas mai karkata arewa, don kada mai zama ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Gyara wannan a takarda bai fi goge layi ɗaya ba.

Iska uku ce za a yi lissafi da ita. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙura, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don haka wannan kusurwa tana son jerin bishiyoyi da ƙananan tagogi masu rufuwa da kyau. Ta damina daga kudu maso yamma take busowa da sanyi, ita ake so a buɗe wa hanya. Ta uku ita ce guguwar da ke gaban hadari, wadda galibi daga gabas take tasowa, kuma ita ce ke yaye kwano ta kuma zaizaye bangon ƙasa. Tsofaffin magina sun san haka, shi ya sa suke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Kowane ɗaki ya sami buɗi a bango biyu, ɗaya a ƙasa ta gefen inuwa, ɗaya a can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take tashi. Ɗakunan laka na al'ummar Musgum da ake gani a Pus da kewayen Maga a kan wannan aka gina su, da tsayinsu da ƙaramar kafa a ƙoli.

A Ngaundere lissafin ya ɗan bambanta, domin garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,100 kuma ruwan sama yana kai milimita 1,500 a shekara. A can danshi ya fi zafi zama abin damuwa, saboda haka a faɗaɗa bakin rufi a kuma ɗaga tushen bango da dutse.

Tsakar gida

A ganina nan ne zanen zamani ya fi yi mana ɓarna. An koya mana mu dunƙule gida wuri ɗaya a tsakiyar fili, mu bar wani siririn lungu kewaye da shi wanda ba ya amfanar kowa, alhali rayuwar iyalinmu a tsakar gida take: nan ake girki idan an yi baƙi da yawa, nan ake shanya, nan yara ke wasa, nan mata ke taruwa ranar suna, nan kuma ake shimfiɗa tabarma a kwana a daren bazara. Don haka tsakar gida za a fara zanawa, a ba ta girma da siffa kamar yadda ake ba falo, sannan a jera ɗakuna a gefenta biyu ko uku. Idan ɗakunan kwana suna kudu ko arewa da ita, bangon da ya fi tsayi kuma yana yamma, inuwa za ta fara rufe ta tun bayan azahar.

Tsakanin ɗaki da tsakar gida a sa baranda mai zurfin aƙalla mita biyu da rabi. Ƙasa da haka hanyar wucewa ce kawai, ba za a iya shimfiɗa tabarma a ci abinci a kai ba. Wannan baranda ita ce ke ba da damar sa manyan ƙofofin gilashi da masu son gidan zamani ke sha'awa, domin gilashin da ke cikin inuwa ba ya tara zafi, kuma wanda ke zaune a falo zai riƙa ganin ganye da inuwa maimakon katanga. Gilashi mai duhu da ake mannawa a fuskar gida ta titi ba tare da rumfa ba kuwa, ba na ba kowa shawarar ya sa kuɗinsa a kai.

Zaure ma kada a yar da shi don ana ganin tsohon yayi ne. Ɗaki ne da ke karɓar baƙo ba tare da ya ga cikin gida ba, kuma idan aka goce ƙofarsa ta ciki daga saitin ta waje, an sami sutura ba tare da an toshe iska ba. A gidan zamani yana iya zama falon baƙi mai ƙofarsa da makewayinsa, da dakali a waje ƙarƙashin darbejiya domin zaman yamma da maƙwabta. Saman katanga kuma ana iya gina shi da bulo mai huda, sama da tsayin ido, iska ta wuce ba tare da mai wucewa ya leƙo ba. Wanda zai yi bene ya ware wani sashe na sama a buɗe, mai bango zuwa kafaɗa da wurin ɗaura gidan sauro, saboda kwanan Maris da Afrilu.

Ƙasan tsakar gida kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku da aka yi wa daɓe, wato hanyoyin tafiya da wurin wanki da gaban kicin. Sauran a bar shi da yashi mai laushi, ko tsakuwa, ko faffaɗan dutse da aka jera da tazara. Siminti yana shan rana yini guda ya riƙa mayar da zafin cikin dare, kuma ba ya barin ɗigon ruwa ya kai ga saiwa.

Bango da rufi

Bulon siminti mai rami shi aka saba da shi, ga masana'antar siminti ta CIMENCAM a Figil kusa da mu, amma zafi yana ratsa shi da sauri. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yana jinkirta zafin rana na sa'o'i da dama, kuma launinsa launin wurin ne, har gidan ya zama kamar daga filin ya tsiro. Wanda ba ya son yaɓen kowace shekara yana da mafita a tubalin ƙasa da ake matsawa da inji, a gauraya shi da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a rufe shi da leda ana yayyafa masa ruwa, a bar shi kimanin mako huɗu kafin a yi gini da shi. Hukumar MIPROMALO an kafa ta ne domin bunƙasa irin waɗannan kayan gini na gida. Don a san ko ƙasar fili za ta yi, a zuba ta cikin kwalba zuwa sulusi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana: yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama, kuma ana son yashin ya fi lakar yawa sosai. Karal ba ta yin wannan aiki. Bangon ƙasa kowane iri ne sai an ɗora shi a kan tushen dutse ko kankare, an kuma ba shi rufi mai faɗin baki.

Rufi ne ke shan mafi yawan zafi a watannin da rana ke tsakar ka. Kwano da silin na katako a ƙarƙashinsa, babu kafar da iska za ta fita, shi ke mayar da ɗaki abin gudu. Maganinsa rufi biyu ne: na ƙasa mai nauyi, na tubali ko kankare, na sama kuma kwano mai haske da aka ɗaga a kan ƙarafa da tazarar rabin mita ko fiye, iska na ratsawa tsakaninsu. Da wannan dabara Francis Kere, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, kuma shi ne ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta duniya ta masu zanen gini, a 2022. A ɗaure ƙarafan da kyau a jikin kankaren da ya zagaye saman bango saboda guguwar gabas, a kuma yi tsayin ɗaki mita uku zuwa uku da rabi. Kwanon sama wuri ne mai kyau na ɗora faifan sola.

Bishiyoyi da ruwan da za su sha

Bishiyar da aka tarar a fili ta fi duk wadda za a dasa daraja, domin tsamiya ko maɗaci ko kanya da ta kai girman ba da inuwa ta ci shekaru da yawa kafin ta kai haka. A auna wurin kowace, a sa ta cikin zane, a kauce mata da gini. Gawo yana da wata ɗabi'a da ta dace da gida ƙwarai: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da ake nemanta, ya bar tsakar gida ta bushe lokacin ruwa, sai dai yana da ƙaya, don haka gefe ya fi dacewa da shi. Darbejiya, wadda ta lulluɓe titunan Marwa, tana girma da sauri kuma tana jure fari, ita ce ta yamma da ƙofar gida. Mangwaro a tsakar gida, lemun tsami da gwaiba da zogale kusa da kicin, lalle a matsayin shinge mai raba sashe da sashe. Ceɗiya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana bin ruwa har cikin bututu da ramin masai, saboda haka sai a babban fili, nesa da gini. Babbar bishiya ta nisanci bango da mita biyar ko shida. A kan karal kuwa tazarar ta kai tsayin da bishiyar za ta yi idan ta girma, domin tana tsotse ruwan laka ta sa harsashi ya zauna ta gefe ɗaya. Shimfiɗar koren ciyawa irin ta Turai ba ta wannan ƙasa ba ce, kuma ruwan da za ta sha da rani ya isa ya raya bishiyoyi masu yawa.

Ruwan ban-ruwa yana kan rufi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 a Marwa, inda ake samun kimanin milimita 800, yana zubar da kusan lita 80,000 a shekara, a Garwa ma fiye da haka. A sa indararo da bututu zuwa tanki mai murfi da raga, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi ya zube, rarar kuma a bi da ita ta ƙaramar magudana mai tsakuwa zuwa gindin bishiyoyi. A tsaga wa kowace bishiya kwari marar zurfi wanda ruwa zai nutse cikinsa a kwana ɗaya ko biyu, domin ruwan da ya kwanta mako guda sauro yake haifarwa. Ruwan alwala da na wanke kayan miya a juya bututunsa zuwa lemun tsami ko zogale. Ramin masai kuma ya kasance a gangaren fili, nesa da rijiya da mita 30 inda girman wuri ya ba da dama.

Dashe ba ya jiran a gama gini. Da zarar an tsayar da zane an san inda bango zai bi, sai a haƙa ramuka masu faɗi da zurfin santimita 60, a cika su da ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a dasa a farkon damina, a binne tulu marar fenti kusa da kowace domin ban-ruwan rani, a kewaye da ƙaya ko waya saboda awaki. Gidan da aka ɗauki shekara biyu ko uku ana ginawa, kamar yadda yawancinmu ke yi gwargwadon abin da ya shigo hannu, zai tarar da darbejiyarsa ta fara inuwa ranar tarewa. A rubuta cikin yarjejeniya da shugaban magina cewa ƙasar sama da aka kwashe wajen haƙa harsashi za a tara ta gefe guda don lambu, ba za a kwaɓa siminti ko wanke shebur da baro a ƙarƙashin bishiya ba, ba za a jibge yashi da bulo a gindinta ba, kuma duk saiwar da ta kai kaurin hannu ba za a sare ta ba sai mai gida da mai zane sun gani. Kuɗin tanki da magudana da dashe da dutsen daɓe kuma a ware su cikin kasafi tun ranar farko, a layi ɗaya da kuɗin rodi da kwano.